Masu Ƙirgar Shaho a Mashigar Mesina

Tsakanin tsibirin Sisili da yankin Kalabriya na kudancin Italiya akwai wata siririyar mashigar teku mai suna Mesina, wadda faɗinta bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba a inda ta fi matsewa. Kowace shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, dubban tsuntsaye masu farauta kan ratsa samanta suna komawa Turai domin yin sheƙa. Mafi yawansu wani nau'in shaho ne mai cin tsutsotsin rina, wanda mutanen yankin ke kira "adorno". Watannin sanyin Turai a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake yin su, sannan ya ƙetare Sahara ya nufi arewa.

Akwai dalilin da ya sa suke taruwa a wuri guda. Manyan tsuntsaye ba sa son yawan kaɗa fuka-fuki. Sukan hau iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa idan rana ta gasa ta, su yi ta kewaya har su yi sama, sannan su sulale zuwa gaba. Teku ba ya samar da irin wannan iska sosai, don haka sukan nemi inda ruwa ya fi ƙaranci. Waɗanda suka taso daga Tunisiya sukan ci kilomita kusan 150 a kan Bahar Rum kafin su isa Sisili, su bi tsaunukanta har Mesina, a gajiye kuma ƙasa-ƙasa.

Maharba sun san da haka tun kaka da kakanni. Sun gina 'yan ɗakunan ɓuya na siminti a kan tuddai, inda suke jiran tsuntsayen da bindiga. Ba don nama ake harbin ba. A wasu ƙauyukan Kalabriya an yi imani cewa namijin da shekara ta wuce bai kashe adorno ba, matarsa za ta ci amanarsa, kuma zai zama abin dariyar tsara. Dokar farauta ta Italiya ta 1977 ta ba waɗannan tsuntsaye kariya, haka ma dokar tsuntsaye ta ƙasashen Turai ta 1979, amma a kan tuddan Mesina dokar ba ta da mai tsaya mata.

A 1981 wata yarinya 'yar Mesina mai shekara 15, Anna Giordano, ta ga yadda ake kakkaɓo tsuntsayen daga sama, ta fara kai ƙara wurin hukuma. Da ta lura ƙara kaɗai ba ta wadatar, a 1984 ta shirya sansanin 'yan sa-kai. Matasa daga Italiya da sauran ƙasashen Turai suka riƙa zuwa suna zama a kan tuddai tun safe har yamma, da madubin hangen nesa da littafin rubutu. Suna rubuta nau'in kowane tsuntsu da adadinsa da lokacin wucewarsa da yanayin iska. Suna kuma lura da ƙarar bindiga, su sanar da jami'an gandun daji inda ta fito.

Maharban ba su yi shiru ba. A 1986 aka banka wa motarta wuta, daga baya aka aika mata da mataccen shaho domin gargaɗi. Sansanin bai tashi ba. Lokacin da aka ba ta kyautar muhalli ta Goldman a 1998, adadin tsuntsayen da ake kashewa kowace shekara ya sauko daga sama da 5,000 zuwa 'yan ɗaruruwa. Maharbi ba ya sakewa idan ya san akwai shaida a tudun da ke kallonsa, kuma hukuma ba ta iya cewa ba ta sani ba alhali an ajiye mata alƙaluma a gaba.

Wannan dabara tana da asali. A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta yi hayar wani tsauni a jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda maharba ke yi wa shaho kisan gilla, ta ɗauki Maurice Broun ya tsare shi. Broun ya fara ƙirga tsuntsayen da ke wucewa a lokacin kaka, kuma har yau ana ƙirgawa a wurin, wato Hawk Mountain. Amfanin lissafin bai bayyana sosai ba sai bayan shekaru da dama, lokacin da Rachel Carson ta kafa hujja da shi a littafinta na 1962, inda ta nuna raguwar 'ya'yan mikiya a zamanin da ake feshin maganin ƙwari na DDT. Amurka ta hana feshin a 1972.

Ƙirgar rana ɗaya ba ta nuna komai, domin juyawar iska kaɗai kan sauya hanyar tsuntsaye. Sai an jera shekaru ashirin ko talatin a wuri ɗaya, da tsari ɗaya, kafin a gane ko suna ƙaruwa ko suna ƙarewa. Da wuya gwamnati ta biya ma'aikata su yi irin wannan zama, shi ya sa aikin ya rataya a wuyan 'yan sa-kai.

Har yanzu akan samu masu harbi a ɓoye a ɓangaren Kalabriya, kuma shirin gina gada a kan mashigar ya sake jawo muhawara kan makomar hanyar tsuntsayen. Littafin da ake cikewa a Mesina ya shafe mu kai tsaye, tunda shahon da ake ƙirgawa daga dazuzzukanmu yake tasowa. Idan dazuzzukan suka ci gaba da ƙarewa, ɗaya daga cikin wuraren da za a ga alamar haka shi ne shafin da wani ɗan sa-kai zai cike a watan Mayu.