Abin da yaran Kwalejin Katsina suka koya bayan la'asar

Wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Magamar Jibiya, ya sauke kaya ya juya, ba lalle ne ya taɓa leƙa unguwar Rafukka ba. To akwai wani tsohon ginin ƙasa da azara a can, wanda yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Shi ne Kwalejin Katsina ta da. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Katsina akwai sunan da ta yi a ilimi tun zamanin kakanni, akwai kuma nisanta da hanyar jirgin ƙasa. Turawa suna son wuri shiru, inda hayaniyar ciniki irin ta Kano ba za ta ɗauke hankalin yara ba.

Nufinsu a fili yake: a horar da malaman makaranta da za su koma lardunansu su koyar, su bi sarakunansu sau da ƙafa. Shekara biyar ake yi. A aji akwai Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ga Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. Amma zancenmu na yau ya fara ne daga lokacin da aka tashi daga aji, rana ta yi sanyi.

An raba yaran gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, kuma gidajen suna gasa da juna. Akwai kurket, akwai ƙwallon gora, akwai ƙwallon ƙafa. Wanda ya fi shiga ran yaran shi ne ƙwallon dukan bango, wanda Turawa ke kira Fives. Daga makarantar Eton ta Ingila ya samo asali, ana kuma danganta shigowarsa Arewa da wani malami Bature mai suna Hogben. Mutum biyu ne suke karawa da mutum biyu a cikin fili mai bango uku, da tafin hannu ake dukan ƙwallon. A Ingila ƙwallo mai tauri suke bugawa da safar hannu. A nan sai aka ga mai taurin tana cin bangon ƙasa, aka koma ƙwallon tanis, hannu tsirara. Ahmadu ɗan Raɓa, wanda ya shiga a 1926 ya fita a 1931, shi ne kyaftin ɗin wasan a zamaninsa. Bai bar shi ba har ya zama Sardauna, ya zama Firimiya, kuma har gobe ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi.

Wani zai ce, to wasa ai wasa ne, me ya haɗa shi da tarihi? Ku duba su wa suke cikin filin. Yaron Sakkwato ne da na Borno, na Bauchi da na Bida, na Ilori da na Yola. A wancan zamani tafiya tsakanin garuruwan nan ta kwanaki ce ko makonni, fatake ne kaɗai suka san ta. Yaran nan kuwa shekara biyar suna cin tuwo tare, suna faɗa suna shiryawa, kowa ya san mai zuciya da matsoraci, mai riƙon amana da mai ha'inci a wasa. Kashim Ibrahim daga Borno, Abubakar Imam daga Kagara, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi, duk sun haɗu da Ahmadu a can. Da mulki ya zo hannunsu bayan shekara ashirin da wani abu, ba su buƙaci wanda zai gabatar da su ga juna ba.

Sai muhawara. Wannan ita ce, a ganina, ta fi kowane wasa tasiri. A ɗauko magana guda, a raba yara biyu, waɗannan su goyi baya, waɗancan su yi suka, kowa da ƙayyadadden lokacinsa, ga shugaban taro, ƙarshe a ƙirga hannuwa. Ku tuna da tarbiyyar gida a lokacin: yaro ba ya haɗa ido da babba, talaka ba ya tanka wa hakimi, iyakarsa ya faɗi ya yi gaisuwa. Sai ga wurin da aka ce masa tashi tsaye, kawo hujja, ka rushe maganar wanda ya girme ka, kuma ba a kira shi rashin kunya ba. Turawan suna neman gyaran lafazin Turanci ne. Sun samu, domin Abubakar na Bauchi, wanda ya yi karatu can daga 1928 zuwa 1933, daɗin muryarsa da Turancinsa har ƙasashen waje an san su. Amma mutumin nan dai shi ne ya miƙe a Majalisar Arewa a watan Agusta na 1950, ya nemi a gyara mulkin En'e, ya faɗi yadda ake danne talaka. Wanda ka koya wa tsayuwa da hujja, ba kai za ka zaɓa masa inda zai tsaya ba.

A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, daga baya Zariya, inda take yanzu da sunan Barewa. A Kaduna ne wani ɗalibi daga Kano, Aminu, ya riƙa tsara wasannin kwaikwayo da Hausa yara suna yi. Sunan ɗaya daga ciki zai ba 'yan kasuwarmu dariya: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ana dariya, magana tana shiga. A 1939 tsofaffin ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, amma ba ta yi nisa ba, don sarakuna ba su saki jiki da ita ba. Sai abin ya sake ɓullowa a Bauchi wajen 1943 zuwa 1944, a zauren tattaunawa inda Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar suke zama. Daga irin waɗannan zaure aka kai ga Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka kai ga NEPU a 1950.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, amma ɗan Maraɗi ba shi da hanyar shiga wannan makaranta, tun da shi na Faransa ne. Yaron lakwal da ya yi zarra a Nijar, Yamai ake kai shi, daga nan sai makarantar William Ponty a Senegal, dubban kilomita daga gida. Can ma abin da ake yi bayan aji ya yi suna, musamman wasan kwaikwayo. Akan tura ɗalibai hutu da aikin rubuto al'adun garinsu, su dawo su mayar da su wasa, har an kai su Paris sun nuna a 1937. Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakari duk Ponty suka yi, duk sun fara da aikin mushe, duk sun ƙare a siyasa. Kalmar Sawaba ma, da ta zama taken NEPU, ta tsallaka iyaka ta zama sunan jam'iyyar Djibo.

Saura wanda babu shi a filin. Yawancin yaran da aka ɗauka 'ya'yan sarauta ne da na malamai da ma'aikatan En'e, ko da yake akwai irin su Abubakar da ubansa ba wani babban basarake ba ne. Ɗan ruga kuwa yana bayan shanu, ɗan fatake yana bayan jakuna. Ba na ganin laifin iyayensu. Mutumin da bai san hukuma ba sai ranar jangali, in an ce ya kawo ɗansa makarantarta, dole ya yi tunani biyu, kuma wa zai kai dabbobi mashaya? Sai dai abin ya yi tsada. Lokacin da aka zauna a majalisun Kaduna da Yamai ana tsara haraji da burtali da gandun daji da dokar fiton kaya, masu maganar sun san juna tun suna yara, sun kuma iya tsara zance a gaban taro. Arɗo yana da hujjarsa, amma sai ta bi ta bakin tafinta ko hakimi kafin ta isa.

Sai a 1989 Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya, shekara 68 bayan an fara karatu a Rafukka. Galibin makarantun rugage na jeka-ka-dawo ne, ana tashi da azahar, malami ya hau babur ɗinsa, yaro ya ɗauki sandarsa ya bi garke. Karatun aji yana samuwa daidai gwargwado. Sa'o'in bayan la'asar ɗin ne har yanzu ba su iso ruga ba.