Gidan Medici: Suna da Tambari

Duk wanda ya zaga birnin Fulorans na ƙasar Italiya zai ga wani tambari a jikin fadoji da majami'u: garkuwa mai ruwan zinariya, ɗauke da dunƙule shida, biyar ja, ɗaya shuɗi. Tambarin gidan Medici ke nan, waɗanda suka juya birnin kusan shekara ɗari uku.

Mu fara da sunan. A harshen Italiyanci "medici" na nufin likitoci. Saboda haka wasu suka ce kakanninsu masu magani ne, dunƙulen kuwa ƙwayoyin magani ne. To amma sana'ar da tarihi ya san su da ita, ita ce juya kuɗi. Asalinsu daga kwarin Mugello ne, arewa da Fulorans, kuma cikin 1397 Giovanni di Bicci ya kafa bankin da ya ɗaukaka gidan. Don haka ne waɗansu masana ke ganin dunƙulen tsabar kuɗi ne, irin na tambarin ƙungiyar 'yan canji ta birnin.

Da mulki ya zo, sai wani labari ya bayyana. Aka ce wai kakansu Averardo, barden Sarki Shalman ne, ya kashe wani basamude da ya addabi Mugello, dunƙulen kuma lotsawar da kulkin basamuden ya yi wa garkuwarsa ce. Babu wata takarda da ta tabbatar da wannan. Abin lura shi ne, attajirin da ya hau gadon sarauta ya fi son a ce jikan jarumi ne da a ce jikan ɗan canji ne.

Abin da ke da shaida shi ne shuɗin dunƙulen. Cikin 1465 Sarki Luwi na 11 na Faransa ya yarje wa Piero Medici ya sa furanni uku na gidan sarautar Faransa a kansa. Da gidan Pazzi suka yi yunƙurin kawar da su cikin 1478, magoya baya sun fito suna kiran "Palle! Palle!", wato dunƙule. Mulkinsu ya ƙare da mutuwar Gian Gastone cikin 1737.

Mu masu riƙe da alƙalami, idan muka ci karo da labarin asalin wani gida, wajibi ne mu tambayi wanda ya fara faɗarsa, da lokacin da ya faɗa, da abin da ya samu. Kirari yana da daɗi, mu rubuta shi da sunan kirari. Abin da ke da shaida shi za mu kira tarihi.