Shekaru 1,900 Kafin a Tuhumi Jijiyar Namiji

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani ciwo da likitoci ke kira barikosil, wato kumburin jijiyoyin jini na maraina, da yadda aka daɗe ba a gane yana hana namiji haihuwa ba.

Ciwon ba gwaiwa ba ne, ba kuma ƙaba ba. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga 'ya'yan maraina zuwa zuciya ne ke buɗewa, jinin ya taru ya ƙi wucewa. Allah ya ajiye maraina a wajen ciki domin ƙwayoyin maniyyi na buƙatar wurin da bai kai sauran jiki zafi ba. Idan jini ya kwanta a nan sai wurin ya ɗumame, ƙwayoyin su ragu ko su yi rauni. Galibi a hagu yake fitowa, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma cikin jijiyar ƙoda take zuba jininta.

Tun a ƙarni na 1 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya bayyana ciwon, har ya lura cewa ɗan marainan da ke gefen kumburin yakan ƙanƙance. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin tiyatarsa a littafinsa At-Tasrif. Amma su da waɗanda suka biyo bayansu, zafi da kumburi suke yi wa magani. Ba su da hanyar duba maniyyi. Sai a 1677 Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya fara bayyana ƙwayoyinsa bayan ya gan su a madubin ƙara girma. Kafin nan, da ma bayan nan, idan aure ya daɗe babu haihuwa mace ake kallo.

Tiyatar ma tana da haɗari a wancan zamanin. A 1832 aka harbe Jacques Delpech, shahararren likitan fiɗa na birnin Montpellier a Faransa, kuma wanda ya harbe shi mutum ne da ya taɓa yi wa aikin wannan ciwo.

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu likitocin Ingila sun ba da rahoton cewa maniyyi na gyaruwa bayan aikin, amma maganar ba ta yi nisa ba. Sai a 1952 lamarin ya sauya. Wani likita a Edinbura, Selby Tulloch, ya ɗaure jijiyoyin wani magidanci da gwaji ya nuna babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa. Bayan aikin ƙwayoyin suka bayyana, matarsa ta samu ciki. Daga nan aka fara yin tiyatar domin neman haihuwa.

A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike kan maza 9,034 da suka je asibiti neman haihuwa. An samu ciwon a jikin kashi 25.4 cikin ɗari na masu raunin maniyyi, da kashi 11.7 na waɗanda nasu ke lafiya. Wannan adadi na biyu ma abin lura ne: da yawa daga masu ciwon suna haihuwa lafiya ƙalau, don haka ba kowa ake yi wa aiki ba, sai wanda gwaji ya nuna yana buƙata.

To, ina ruwan marubuci? Mu duba littattafanmu na hikaya. Sau nawa muka karanta labarin matar da uwar miji ta kira juya, aka yi mata kishiya, aka ƙara wata, shi kuwa maigida ko ƙofar asibiti bai taka ba? Mu kanmu muna rubuta irin wannan, mu warware shi da sammu ko makircin kishiya. Likitoci sun yi kusan shekara 1,900 kafin su juyo su dubi namiji, kuma suna da uzurin rashin kayan aiki. Mu ba mu da wannan uzurin, domin yau ana gwajin maniyyi a asibitocinmu.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani na miji da mata ne tare. Duk wanda zai rubuta labarin gidan da babu haihuwa, ya yi bincike, ya kuma tura mijin wurin likita. Wataƙila wata baiwar Allah da ta sha gori shekara goma ta karanta ta samu abin da za ta nuna wa mijinta.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba. Sai mako mai zuwa.