Tarihin Na'urar Efem ta Mota

Na'urar efem ta mota, wadda direbobi suka fi sani da MP3 ɗin mota, ƙaramar tashar rediyo ce da ake sokawa a ramin kunna sigari. Tana ɗaukar sauti daga memori, filas ko waya, ta watsa shi a kan zangon FM, tsakanin 87.5 da 108, sai rediyon motar ya kama kamar yadda yake kama kowace tasha. Ƙarfinta bai wuce 'yan mitoci ba.

Asali

Edwin Armstrong na Amurka ne ya yi rajistar fasahar FM a 1933. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kaset ɗin ne ya mamaye motoci shekaru masu yawa. Da Apple ya fitar da iPod, ɗan abin sauraron waƙa, a 2001, sai aka sami cikas, domin yawancin motocin da ke kan titi ba su da kafar jona shi. Wannan giɓi ne ƙananan na'urorin efem suka cike, irin su iTrip na kamfanin Griffin. Birtaniya ba ta halatta amfani da su ba sai a Disambar 2006, saboda kafin nan doka tana ɗaukar su a matsayin gidan rediyo marar lasisi.

Shigowarta ƙasar Kano

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Bayan wasu shekaru wayoyi masu memori suka yi araha, masu tura waƙoƙi suka cika kasuwanni irin su Farm Centre, kaset ya fara ja da baya. Amma motocin haya, waɗanda akasarinsu 'yan Kwatano ne, da tsohon rediyonsu suke zuwa. Sauya rediyo kuɗi ne, na'urar da ake shigo da ita daga Sin kuwa ba ta buƙatar mai gyara. Da ita direban da ke jigila tsakanin Kano, Bunkure, Rano da Kibiya ya ci gaba da sa wa fasinja karatun Alƙur'ani, tafsirin Malam Ja'afar ko waƙoƙin Shata, waɗanda a da sai a kaset.

Yadda take aiki a hanya

Rediyon FM yana bin siginar da ta fi ƙarfi ne, don haka dole direba ya nemi lambar da babu tasha a kanta. A cikin birni wannan ya ƙara wuya tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya. Idan mota ta nausa kudu, wajen Rano da ƙauyuka irin su Lausu, ƙarfin tashoshin birni yana raguwa, shi ya sa sautin na'urar yake fita tas.

A yau

Sababbin samfura suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, suna kuma yin caji. Ƙasashen da ke yawan sauya motoci sun rage amfani da ita. A ƙasar Kano kuwa kasuwarta tana nan, domin tsofaffin motoci ne har yanzu ke ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin karkara.