Ɗan Farin Tabon da Ke Saman Dutsen Kwatarkwashi

Yau tarihinmu ba na ƙasa ba ne, na sama ne.

Kakanninmu sun san taurari da sunayensu: Zara matar wata, Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Da su manomi ke gane ƙaratowar damina, matafiyi ya gane gabas. Amma akwai wani abu da ba tauraro ba. Bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauka, a daren da babu wata, idan muka dubi arewa daga gindin dutsen Kwatarkwashi, mai kaifin ido zai hango ɗan farin tabo kamar hayaƙi.

A wajen shekarar 964, Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari ɗan ƙasar Farisa, ya ambace shi a littafinsa, ya kira shi ƙaramin gajimare. Aka shafe shekaru sama da 900 ba a tabbatar da ko mene ne ba. Har a 1920 masana a Amurka suna gardama: cikin garken taurarinmu yake, ko wajensa?

A 1923 Edwin Hubble ya saita babban madubin hangen nesa a kansa, daga wani tsauni a Kalifoniya. Ya gano wani tauraro a ciki mai ƙara haske yana ragewa, da shi ya auna nisan wurin. Ashe tabon nan wani garke ne daban, mai ɗauke da biliyoyin taurari. Shi ne Andromeda.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma sai ya yi shekara miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu daga can. Da garkenmu faifai ne, sai an jera faifai 25 kafin a kai gare shi. Tsakaninsu kuwa duhu ne, kusan babu komai.

Abin takaici, yau rashin tsaro ya hana mu hirar dare a waje, hasken waya kuma ya ɗauke idon yara. Yaron da bai san Gamzaki ba, yaushe zai tambayi Andromeda? Ko daga tsakar gida ne, mu nuna musu sama. Mu tambayi tsofaffinmu sunayen taurari tun suna raye, mu rubuta.