Yadda Firji Ya Yi Ta Sauya Kama

Yau hirar tamu a kicin za mu yi ta, a gaban firji. Na san da yawanmu ba mu zuwa kanti da kanmu. Maigida ne ko ƙane zai je ya turo hotuna ta waya, a ce ki zaɓa: wannan mai ƙofa biyu, wancan mai huɗu, ga wani yana sheƙi kamar madubi. In kuwa kayan ɗakin 'ya ake haɗawa, sai ido ya tafi kan wanda zai burge 'yan ganin ɗaki. To bari mu koma baya mu ga inda waɗannan siffofi suka fito, don ba dukkansu aka yi saboda ado ba.

Mu dai randa muka gada. Mutanen Amurka kuwa, da yake tafkunansu na daskarewa da hunturu, ƙanƙara suke yankowa su adana cikin garin katako. Gidaje da yawa na da akwatinsu na katako, mai ƙanƙara yana zagayowa da sabuwa kamar yadda ɗan garuwa ke kawo mana ruwa. Har wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya loda ƙanƙara a jirgin ruwa a 1833 ya aika da ita Kalkata ta Indiya, tafiyar wata huɗu, kuma fiye da rabinta ta isa ba ta narke ba.

Injin sanyi ya samu tun 1834, lokacin da Jacob Perkins ya yi rajistar nasa a Landan, amma sai da aka doshi shekara ɗari kafin ya zama kayan gida. Wanda ya fara yaɗuwa sosai shi ne na kamfanin General Electric na 1927. Da kin gan shi sai kin yi dariya: farin akwati a kan ƙafa huɗu, ga inji a ɗore a ka kamar mai tallan fura. Duk da haka an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Matsalar firjin wancan zamani ita ce iskar da ke zagayawa a bututunsa guba ce. A 1929 ta yi yoyo a wasu gidaje a Chicago, aka yi asarar rayuka. Daga 1930 aka koma ga wata iska mai suna Freon wadda ba ta cutar da mai shaƙa, sai daga baya aka gano tana cinye rufin da ke kare duniya daga kaifin hasken rana. Ƙasashe suka yi yarjejeniya a Montreal a 1987 cewa za a daina ta. Yau in kika duba takardar da ke liƙe a jikin firjinki, mai yiwuwa ki ga an rubuta R600a. Wannan iskar ba ta taɓa rufin, amma tana kama wuta. Saboda haka, don Allah, a daina ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa.

Ado kuma ya shigo ne lokacin da kasuwa ta faɗi. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 kuɗi ya yi wuya a Amurka, kamfanoni suka shiga neman abin da zai ja hankalin matan gida. A 1933 kamfanin Crosley ya fito da firji mai kantoci a jikin ƙofa, wato inda kike jera ƙwai da robobin zoɓo a yau. Kamfanin Sears kuwa ya ɗauko wani mai zana kaya haifaffen Faransa, Raymond Loewy, ya gyara masa firjinsa Coldspot. Na 1935 ya fito da kusurwoyi a lanƙwashe, da kantoci na alminiyom da ba sa tsatsa, da mariƙin da ko hannuwanki na cike za ki taɓa da gwiwar hannu ya buɗe. Ciniki ya haɓaka ƙwarai. Daga nan aka koyi wata dabara da ke damunmu har yanzu: a riƙa sauya wa kaya fuska kowace shekara, don na bara ya zama tsohon yayi alhali lafiyarsa ƙalau. Launi ma haka ya yi ta juyawa, ruwan hoda da shuɗi a shekarun 1950, kore da ruwan ɗorawa a shekarun 1970, sannan aka koma ga ƙarfe mai sheƙi.

Sauyin da ya fi kowanne a wurina ba ya ɗaukar ido. Firjin da can sakata gare shi, wadda daga waje kawai ake buɗewa. Sai a jingine tsoho a bayan gida, yara su zo wasan ɓuya, ɗaya ya shige ya ja ƙofa. Ba iska, kukansa kuma ba ya fitowa. Yara da dama sun rasu ta haka. A 1956 majalisar Amurka ta kafa doka cewa dole ƙofar firji ta buɗu in an tura ta daga ciki. Wannan roba mai maganaɗisu da ke gefen ƙofarki, wadda muke bari ta yi baƙi da dauɗa, daga nan ta zama ruwan dare. Ki riƙa goge ta. In kuma akwai matacciyar firiza mai makulli a tsakar gidanku, ki sa a cire mata murfi yau ɗin nan.

Na zamanin nan sun kasu. Kamfanin Smeg na Italiya ya dawo da siffar shekarun 1950 a 1997, masu kuɗi suka yi ta rububi. LG ya yi mai haɗe da intanet a 2000, bai samu kasuwa ba saboda tsada. Samsung ya fitar a 2016 da mai allo a ƙofa da kyamara a ciki. Akwai kuma mai gilashin da za ki ƙwanƙwasa sau biyu ya haska ki ga abin da ke ciki, kuma wannan na yaba masa, don yana rage buɗe-buɗen yara.

Sai dai an zana yawancinsu ne don inda wuta ba ta ɗaukewa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da kin buɗe firji na tsaye sai ta zubo ƙasa kamar ruwa. Firiza ta kwance kuwa, mai murfi a sama, sanyinta na zaune a ciki ko an buɗe. Shi ya sa 'yar'uwarmu mai sana'ar ƙanƙara da kunun aya daga cikin ɗaki take zaɓen ta kwance, ko da 'yan ganin ɗaki ba za su ce komai a kanta ba. In maigida ya turo hoto, ki ce ya tambayo wutar da yake ci, ko sola ko ƙaramin janareto zai iya ɗaukarsa, da kuma ko akwai mai gyaransa a garinku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.