Waya ta Uku: Waiwaye kan Wayarin Gidaje a Gyallesu

Zamanin da hukumar ECN, wadda aka kafa a 1950, take raba wuta a garuruwan Arewa, buƙatar magidanci a Tudun Wadan Zariya ba ta wuce ƙwan fitila da rediyo ba. Waya biyu ake ja a jikin katangar ƙasa, ja mai ɗauke da wuta, baƙa mai mayar da ita, wato nitural, shi ke nan.

Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, aka kafa NEPA a 1972, wuta ta yawaita. Unguwar Gyallesu da ke Zariya ta cika da ma'aikata da ɗalibai, firiji da dutsen guga suka shigo gida. Kayan nan jikinsu ƙarfe ne. Da zarar waya ta zage a ciki, duk wanda ya taɓa shi ne zai sha jan wuta. Maganinsa kuwa koriyar waya, wato atin, wadda ƙafa ta uku ta filogin da muka gada daga Ingila take jiranta. Ƙwararren mai wayarin yakan haƙa rami ya kafa rodin tagulla, ya zuba gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe danshi ko da hunturu ya busar da ita. A gindin taransifoma kuma ake ɗaure nitural da ƙasa.

Da wuta ta fara ƙaranci, janareta ya shigo, sannan inbata da sola. Gida ɗaya ya koma yana da hanyar wuta biyu ko uku, wani ma babu canjoba, wato makunnin sauya hanyar wuta. 'Yan gaba-gaɗi suka riƙa haɗe atin da nitural a bayan soket don tsimin waya, alhali in nitural ta tsinke, jikin firiji ne zai ɗauki wuta. Ɓarayin tagulla kuma in suka yanke nitural a taransifoma, wuta ta yi ƙarfi ta ƙona kayan layi guda.

PHCN ta gaji NEPA a 2005, aka sayar da kamfanonin raba wuta a 2013, aka kafa NEMSA a 2015 don binciken wayarin da ba masu sana'ar lasisi. Doka tana nan, saura aiki da ita. Magidanci, kafin ka biya kuɗin wayarin, ka ce a nuna maka inda aka binne rodin, a kuma auna shi a gabanka.